Ledar Batirin Maigidana Tana Kumbura

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, wallahi na gaji.

Ni da maigidana ɗakin gwaji ɗaya muke aiki, inda ake binciken batir. Cikin batir akwai wata siririyar leda da ke raba ɓangarorinsa biyu, don in suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Maigidana shi ya ƙirƙiro wata sabuwa, shekara da shekaru yana fama da ita, ko abinci muke ci hirarta ce. Ni kuma aikina in jiƙa ta a ruwan batir, in ɗora a sikeli in ga iya ruwan da ta sha. To Anti, kumbura take fiye da kima, ta yi laushi kamar burodi a shayi. Da na faɗa masa sai ya ce ban goge ta da kyau ba. Ya karɓa, ya danne ta da tishu har ruwan cikinta ya fita, ya auna, ya dube ni yana murmushi. In na sake gwadawa, a koma gidan jiya. Mota ɗaya muke komawa gida, kowa ya ɗaure fuska. Jiya 'yarmu ta tambaye ni ko Abba fushi yake da ita. Makon gobe za a miƙa sakamako ga shugabanmu, kuma ni zan sa hannu. Ba na son in kunyata shi, amma ina tsoron abin ya kama da wuta a aljihun wani.

Wadda Ta Gaji

Ƙanwata, sannu. Mijinki ba maƙaryaci ba ne, son abinsa ne ya rufe masa ido. Yana kuma da ɗan hujja, ruwan da ya kwanta a saman ledar dole a goge shi kafin awo. Amma gogewa daban, matsewa daban, ke ma kin sani.

Ki sauke wannan alƙalancin daga kanki. Ku zauna a natse, ba a mota ba, ku amince kan yadda za a goge, sannan ku ba wani abokin aikinku ya auna ba tare da ya san ledar wa ce ba. In mijinki ya ƙi, kada ki sa hannu, kuma ya ji hakan daga bakinki kafin kowa.

Ranar da sakamakon ya fito, wataƙila zai dawo gida a karye, yana neman wadda zai faɗa wa. Ki bar masa wannan ƙofar a buɗe. Allah ya sanyaya zukatanku.