Kwamfutarka Ta Cika, Baban Zara

Zuwa ga Baban Zara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba inda za ta je, ba mai kai maka, kai ma ba karantawa za ka yi ba. Ko da kana raye ma ai sai na tsaya a kanka kafin ka karanta abin da ya wuce layi biyu. Amma na gaji da yi maka magana a zuci, ina wanke-wanke bakina yana motsi, har Zara ta fara yi mini wani irin kallo. Gara in rubuta in huta.

Muna nan unguwar Bagadaza a Gombe, a gidan hayar da ka bar mu. Zara ta shiga sakandare, tsayinta ya kusa kamo nawa, surutunta kuwa ya wuce naka. Rufin ɗakinmu yana nan yana yoyo daidai wurin da ka rantse ka gyara. An ƙara shingen sojoji a hanyar kasuwa, sai a sauko daga babur a taka da ƙafa a wuce. Labarin garinmu kuwa kowa da irin nasa. Wannan ya ce an ƙwato shi, wancan ya ce ko akuya babu a ciki. Ni dai na daina tambaya.

Shagon yana hannuna. Ina buga takardu, ina ɗaukar fasfo, da shi muke ci. Kuma a kan kwamfutarka nake son mu yi magana, don na yi ɓarna a cikinta, ɓarnar kuma ba ni kaɗai ta shafa ba.

Ka tuna ranar da muka gudo daga Borno? Ka bar kwanonina, ka bar keken ɗinkina, ka cusa akwatin kwamfutar nan a buhu ka ɗora a ka, kana tafe kana haki. Na yi maka mita tun daga bakin gari har Gombe. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne daga baya na gode Allah da ka ɗauko ta. Duk bikin da ka ɗauka a garinmu, duk suna, duk saukar karatu, suna ciki. Tun da ka rasu mutanenmu ba su daina zuwa ba. Daga unguwar Malam Inna suke zuwa, daga Hammadu Kafi, wasu ma daga ƙauyuka. Gidajensu sun ƙone da duk abin da ke jikin bango. Sai mutum ya zauna a bencin nan ya ce in duba masa ko akwai mahaifinsa, ko ƙanwarsa, ko da daga gefe ne a hoton bikin wani. In na samo in wanke masa. Wani ya yi kuka, wani ya yi dariya, wani ya karɓa ya fita ko sallama babu. Baban Zara, aikin nan yana cin rai. Kai ka ɗauki hotunan suna murna, ni ka bar ni da miƙa su.

Cikin masu zuwan akwai Ya Falmata, wadda take sayar da man gyaɗa a bayan masallacin unguwarmu can gida. Yanzu tana zaune a Hammadu Kafi wurin ɗan ƙaninta, idonta ya fara rauni. Ɗanta Modu take nema, autanta, wanda ya shiga ɗan sanda. Yaran daji, 'yan ta'addan nan, sun kashe shi tun kafin mu fito, ko gawarsa ba ta gani ba. Ta ce ranar da ya dawo daga horo ya zo shagonka da kakinsa ka ɗauke shi, ita ce ma ta raka shi. Na duba folda bayan folda ban gan shi ba. Ka san yadda ka zuba abubuwanka, komai a fuskar allo, wani kan wani. Sunan hoto kuma sai ka sa shi yadda ake kiran mutum a unguwa, wane na wance, wance matar mai shayi. Wa zai gane wannan tsari in ba kai ba? Duk zuwan da ta yi sai in ce ta ƙara mini lokaci. Ba ta taɓa fushi ba. Takan ce ai tafiyar ma motsa jiki ce.

Ana cikin haka kwamfutar ta cika. Wurin ajiyarta, wanda kake ce wa Si, layinsa ya rikiɗe ya yi ja. Da farko nauyi take yi, in na danna abu sai na je na sha ruwa na dawo kafin ya buɗe. Daga baya ta ƙi karɓar komai. In ɗauki fasfo, in zo ajiyewa, ta ce babu wuri. Sau nawa na ce ka sayi wani abin ajiya na daban ka kwashe tsofaffin hotunan nan? Kullum sai wata mai zuwa. Ni kuma da na sayo filashi a kasuwa na kwafa wasu a ciki, da na zo buɗewa babu wanda ya buɗu, ashe jabu ne. Allah ya taimake ni ban goge na asalin ba. Tun daga nan tsoron taɓa su ya kama ni.

Ranar da abin ya faru shagon cike yake da ɗalibai masu neman fasfo na rajistar jarrabawa, har waje. Ga wuta an kawo, ga mutane, ga kwamfuta ta ƙi. Wani ma'aikacin gwamnati da ya kawo takarda a buga masa ya ga halin da nake ciki, ya matso ya nuna mini yadda suke yi a ofis. Bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya yi. Muka share tarkacen da kwamfuta take tara wa kanta in tana aiki. Muka cire manhajojin da ba a amfani da su, har da wasan ƙwallon nan naka da kake cewa na yara ne, alhali kai ke bugawa. Muka goge finafinan da ka tara. Layin ya ɗan ja da baya amma bai bar ja ba. Sai ya ce saura kwandon shara na cikin kwamfutar, ai shi ne ma ya kamata mu fara da shi, don abin da aka goge yana nan kwance a ciki yana cin wuri har sai an zubar. Da muka duba nauyinsa ya yi mamaki, ya ce mai kwamfutar nan bai taɓa zubar da shara ba ke nan. Na yi dariya na ce a gida ma haka yake.

Ban buɗe kwandon na leƙa ba. Wa ke tona shara kafin ya zubar? Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e. Sai sunaye suka fara wucewa a ɗan akwatin da ya fito, da sauri, ɗaya na korar ɗaya. Ina kallo ne kawai ba da wata manufa ba, sai idona ya kama Kofur Ali na gidan liman. Sai 'yan matan sakandare ajin ƙarshe. Sai Modu na Ya Falmata kaki. Na kai hannu in tsayar, kafin in kai kibiyar wurin ya gama. Layin Si ya koma shuɗi, mutumin nan yana yi mini barka.

A tsayen nan na tuna. Ana saura kaɗan mu fito, lokacin da yaran daji suke bin shaguna suna bincika wayoyi da kwamfutoci, ka wuni a shago ka ƙi zuwa cin abinci. Ka ce kana goge duk wanda ya sa kaki, da duk yarinyar da ta sa kayan makaranta, don in suka ga fuskar mutum za su bi shi har gida. Na ɗauka ka goge ɗin ke nan. Ashe kwandon shara ka tura su ka bar su a can, inda mai bincike ba zai damu ya duba ba, kai kuma ka san suna nan. Zuciyarka ba ta ba ka ka ƙarasa ba. To me ya hana ka faɗa mini? Duk zaman da muka yi a Gombe, duk jinyar da na yi maka, muna hira har ta kifin Baga, kalma ɗaya ta gagare ka? Ko kana tsoron kada bakina ya kai ta inda bai kamata ba? Ko kai ma mantawa ka yi, kamar yadda muka manta abubuwa da yawa don mu samu mu yi barci?

Na juya ga masu fasfo. Ga layin ɗalibai, wasu tun safe suke tsaye. Na ɗauka abin da ya tafi ya tafi. Na share fuskata na ci gaba da aiki, ina ɗauka ina ajiyewa, har la'asar sakaliya. Kwamfutar kuwa sai gudu take yi kamar sabuwa.

Washegari na ɗauke ta a Keke Napep na kai wa Yila, Batangalen nan mai gyara da kake kai wa firinta. Ya yi mini ta'aziyyarka, bai ma san ka rasu ba. Da na ba shi labari, abin da ya fara tambaya shi ne ko na ajiye wani abu a ciki bayan gogewar. Na ce fasfo na yini guda. Ya sosa ƙeya. Ya bayyana mini cewa in an zubar da kwandon, hotunan ba nan take suke fita ba, suna nan kwance, wurinsu kawai aka ce babu mai shi. Duk sabon abin da aka ajiye, a kansu yake sauka. Da na kashe ta a lokacin na kawo masa, da kusan duka sun dawo. Ka ji, Baban Zara. Ina tsaye ina ce wa yaran mutane su ɗaga haɓa su kalli nan, ashe kowace fuska da na ajiye tana danne ta wani.

Ya riƙe ta kwanaki, shagon yana rufe. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Wasu sun dawo lafiya lau, Kofur Ali yana nan da gashin bakinsa. Wasu sun dawo babu suna, sai na bi fuska na gane su. Da yawa ba su dawo ba sam, kuma ban san ko su waye ba, balle in san wa zan ba haƙuri. Wannan ya fi komai damuna. Wata rana wani zai zauna a bencin nan ya tambaye ni, in duba in ce babu, ba zan san ko ka taɓa ɗaukarsa ba ko ni ce na zubar da shi.

Na Modu ya dawo, amma ba duka ba. Daga sama ya fara daidai, ga labulen shagonka mai ruwan ganye, ga hularsa, ga goshinsa, ga idanunsa. Daga karan hanci zuwa ƙasa babu komai sai toka-toka, shafe kamar an yi masa siminti. Yila ya gwada duk dabarar da ya sani, ya ce iyakarsa ke nan.

Na yi ta juya abin a raina. In ce mata ban samu ba, ta ci gaba da takowa daga Hammadu Kafi da wannan ƙafar tata? Ko in miƙa wa uwa rabin fuskar ɗanta? Da kana nan da ka san yadda za ka yi, kai da bakinka yake iya sanyaya kowa. Ni ban iya ba. Na wanke shi babba, na sa a ambulan, na tafi gidan da kaina don kada ta yi kukanta a gaban masu fasfo.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna na faɗa mata duk yadda aka yi, ban rage komai ba, har da cewa hannuna ne ya danna. Ban sani ba ko ta fahimci zancen kwandon. Ta goge hannunta a zane, ta karɓa, ta kai shi dab da idonta, ta daɗe a haka. Ina jiran ta tambaye ni ina sauran. Ba ta tambaya ba. Ta ce haka yake yi mata in ya taso daga aiki, ba ya shigowa ta ƙofa sai ya fara leƙo ta ta saman katanga, iyakar abin da take gani ke nan, hula da ido, yana jira ta ɗago ta gan shi. Ta ce to ga shi ta ɗago. Ta jingina hoton da bango a gabanta, ta jawo farantinta ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana yi tana kallonsa.

Na taso ban iya yi mata sallama ba. Sai da na kai bakin titi sannan kukan ya zo, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da kai.

Na gaji, Baban Zara. Gobe zan buɗe shago, don dole a ci abinci. Yila ya ce ya kwashe duk abin da zai kwasu, in yi aikina kada in ji komai. Zan yi, amma na san a kan wa nake ajiyewa. In Allah ya haɗa ka da su a can, Modu da sauran da ban san sunansu ba, ka faɗa musu kai ka ɓoye su da kyau, a hannuna suka salwanta, kuma ban sani ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Taka,
Yagana, uwar Zara