Makarar Inna da Mai Keken da Ya Toshe Kunne

Zuwa ga Mai Unguwarmu a Gyaɗi-Gyaɗi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto ne a fili domin a zaurenka bakina ya mutu, na kasa cewa uffan.

Na farko, abin da ya faru. Ranar Talatar da ta wuce bayan Azahar muka ɗauko makarar mahaifiyata daga ƙofar gida zuwa bakin titi inda mota take jira. Masu adaidaita suka tsaya, masu shago suka miƙe. Sai ga wani saurayi ɗan unguwar nan ya ɓullo daga lungu a kan keke, ya toshe kunnuwansa da iyafis, abin jin sautin waya, kansa a sunkuye. Babu irin ihun da ba a yi masa ba. Ya kwashe ƙafar Kawu Sani, ƙanin Inna, wanda yake riƙe da gaban makara. Kawu ya karye a hannu. Makara ta karkace, gawar ta zame, sai da ƙafafunta suka shiga kwata. Wallahi har yau in na rufe ido, baƙin ruwan nan nake gani a jikin likkafaninta. Gida muka mayar da ita aka sake mata wani likkafanin.

Na biyu, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. Da aka zauna a gabanka, mahaifin yaron ya ce ai karatun Alƙur'ani ɗansa yake saurara, ba waƙa ba. Nan take fuskokin dattawa suka saki, har wani ya sa masa albarka, kai kuma ka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Ikon Allah. Ashe mai jin karatu ba ya banke mutum? A wace makarantar aka koyar da cewa a toshe kunne a hau titi? Jiya na ga yaron a kan keke wajen Tarauni, kunnen a toshe kamar yadda ya saba.

Roƙona, ka sa limamai su yi magana a masallatai, ka kuma kira iyaye: duk mai hawa keke ya cire abin nan, ko me yake ji. A kuma turo yaron ya duba Kawu, don har yau bai leƙo ba.

Ka ce in yafe. Nawa na yafe. Na Inna kuwa ba ni da ikon yafewa, ita kuma babu halin a tambaye ta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Ɗan marigayiya,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano