Sun Ce In Shafe Tsagar Uwar Amarya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da durƙuso har ƙasa irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Wurno lafiya lau. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, gero ya shiga rumbu, an fara dashen albasa. Na san masu bibiyar shafina ne za su karanta wannan takarda, ba ke ba. Su karanta. Akwai waɗanda nake so ta shiga kunnensu.

Inna, na kama sana'a. Kwalliya nake yi wa mata. Tunkiyar da kika bar mini na sayar na je Sakkwato na koya, da abin da ya rage na sayi akwati da hoda da jagira da jan baki. Ba ni da shago. Mai buƙata ta kira ni a waya, in ɗora akwatin a cinya bisa kabu-kabu in same ta har ɗaki. Na je suna a Lahodu, na je walimar sauka a Tursa. A Rabah kuwa kusa da murhu aka ajiye ni, ina jiran mai jego ta gama wanka har jan bakina ya narke.

Ƙananan ayyuka ne, sabulu kawai suke saye. A sana'ar nan biki ɗaya ke ɗaga mutum. Ki samu amarya mai ƙawaye masu manyan wayoyi, su saka hotonta da sunanki a ƙasa, shi kenan kin shiga gari. Irin wannan bikin nake ta roƙon Allah tun da na fara.

Ya kuwa zo. Amaryar 'yar Rimawa ce, ta yi karatu a Sakkwato, za ta auri wani ma'aikaci, ana taron a gidan yayanta a Goronyo. Mai kwalliyarsu ta birni ta ce ita ba ta bin hanyar nan, sai aka tuna da ni. Kamu, walima, dina, duka aka ba ni. Har sabuwar atamfa na ɗinka, Inna, don kada a raina ni.

Da kin ga ɗakin amaryar ranar kamu da kin yi dariyar nan taki ta gefen baki. 'Yan mata jibge a kan katifa, kowace ta turo baki gaban waya, gashin ido na kanti kamar tsintsiyar laushi. Yaran da jiya-jiya suke cirar ciyawa a fadama, yau wai warin albasa yana sa musu ciwon kai, a rufe taga. Albasar da aka sayar aka biya musu kuɗin makaranta fa. Hausar ma ta gidansu sun ajiye ta a tasha, sun aro ta rediyo, tana yi tana zame musu. Suka yi mini kallon hadarin kaji tun daga takalmi har ɗankwali. Ko a jikina, aiki ya kawo ni.

Na yi wa amarya kwalliyar kamu, kuma ba yabon kai ba, ta fita. Da ta dubi madubi sai da ta manta da yatsina. Babbar ƙawarta ta tambayi sunan shafina ta rubuta a waya. Na ce a raina, Luba, kakarki ta yanke saƙa.

Sai aka shigo da uwar amarya.

Tsohuwa ce siririya, hannunta duk kanta, an naɗa mata leshin da ya fi ƙarfinta. Ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran a ce ta tashi. Da ta ɗago fuska sai ga tsaga a kuncinta. Tsagar Gobirawa ce, Inna, irin taki sak, daga gefen baki ta bazu har kusa da kunne.

Kin tuna ina ƙarama, in kwanta a cinyarki in riƙa bin taki da ɗan yatsa har barci ya ɗauke ni? Ranar biki kuma ki lakato man shanu ki murza a tafi, ki bi kuncinki da shi har tsagar ta yi sheƙi, ki zizara kwalli, kwalliyarki ta ƙare. Kina cewa, “Ni ko Makka niɓ ɓace, ɗan'uwana na gane ni.” Ni ba a yi mini ba, kin ce zamani ya wuce da shi, kuma ban taɓa jin haushi ba. Amma ban taɓa ganin fuskar da ta fi taki ba.

Amarya ko kallon uwarta ba ta yi ba. Ta nuna kuncin da farce ta ce, “Don Allah ki cike mata abin nan, ki shafe shi gaba ɗaya. Dangin ango 'yan boko ne, ba na son ƙauyanci a hotona.” Babbar ƙawa ta ce ai kamar garma ta bi ta wurin, suka kwashe da dariya. A gaban matar, Inna. Matar da ta goya ta a baya tana ban ruwa.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, “Yi yadda tac ce, ɗiyata. Ranatta ta.”

Na iya, kada ki ce ban iya ba. Akwai wani man kwalba mai kauri da muke cike ramin ƙuraje da shi, a bi da hoda, fuska ta koma sumul. Na buɗe shi, har na lakata. Sai na matsa kusa da kunnenta na ce, “Gwaggo, ke mi kike so?” Ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce a hankali, “Ni mi nis sani? Da tsagag ga dai ubanta yag gan ni kasuwar Goronyo, har yab biyo ni gida. Allah Shi jiƙan shi.”

Na goge yatsana na rufe kwalbar. Na wanke mata fuska, na murza mai kaɗan a tafi na bi kuncinta yadda kike yi, na zizara kwalli, na kafa mata ɗauri. Da na miƙa mata madubi sai ta rufe baki da hannu tana dariya kamar yarinya. Na ɗauke ta hoto da wayata.

Abin da ya biyo baya ba sai na ɓata miki kunne ba. Baƙauya, mai taurin kai, wa ma ya kawo ta. Aka ce in tattara komatsaina, walima da dina za a nemo wata. Babbar ƙawa ta goge sunan shafina ina kallo. Na ɗauko akwatina da rana tsaka na taka har tasha, sabuwar atamfa tana manne mini da gumi. Na yi kuka a mota, Inna. Ba kukan nadama ba ne, amma ina son aikin nan, wallahi ina son shi.

Labari ya riga ni isa gida. Waɗanda suka kama rana da ni suka fara janyewa, wai ba na jin maganar mai biki. Yanzu wayata sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Na koma suna da walimar sauka.

Sai hotuna suka fito. Abin da na ƙi yi da hannu, mai hoto ya yi da na'ura. An goge fuskar tsohuwar nan tas, sumul kamar bayan ƙwarya, ba tsaga, ba tamoji, ba kowa a ciki. Amarya ta rungume ta, ta rubuta a ƙasa wai uwata aljannata. Ƙawaye suna ta masha Allah, wai Mama kamar yayarta. Tir! Ki ji kunyar fuskar da ta haife ki, sannan ki zo kina yi mana wa'azin son uwa a waya. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su ranar ba, kuma har yau ban fasa ba.

Ranar kasuwa wata mai sayar da daddawa daga Rimawa ta yi sallama gidanmu, da ɗan kwandon albasa a kai. Ta dire shi ta ce, “Uwar amarya tac ce in gaishe ki. An kai mata hotunan buki, ta duba, ta duba, ba ta ga kanta ba. Tac ce in wanda kiɗ ɗauka na nan, ki wanko mata shi. Tana son jikokinta su san huskatta.”

Na wanko guda biyu, na aika mata da ɗaya.

Ke ba ni da hotonki na kirki, Inna. Sai ɗan ƙaramin nan na jikin katin shaida, ya dushe, tsagar ko fita ba ta yi. Saboda haka ɗayan na manna shi a cikin murfin akwatina. Duk wadda ta kira ni, kafin ta ga hoda ko jan baki, fuskar nan za ta fara gani. In ta yatsina, sai in rufe akwatina tun kafin mai kabu-kabu ya juya.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yafe kurakuranki, Ya sanya albarka a wannan 'yar sana'a da tunkiyarki ta buɗe mini. Ya tashe mu tare ranar gobe, in hango ki cikin taro in gane ki tun daga nesa.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Luba