Na Yi Cirar Ciyawa a Tankin Kifin 'Yata

Malama, don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na ja zance, ni ba gwanin rubutu ba ne. Yau kwana tara da na sayo wani kifi, ko loma ɗaya bai ci ba. Na san wasu masu karatu za su ce an rasa abin kawowa filin nan sai kifi. To, ba kifin kaɗai ba ne, amma ta kansa zan fara.

Ni mai lambu ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina kula da furannin wani otal, har gwiwa ta ce ya isa haka. 'Yata ta ƙarshe, Auta, ita ce mai tankin kifi a falonmu, irin na ruwan gishiri, tsawonsa ya kusa kai na doguwar kujera. A ciki akwai duwatsu, da kifi biyar, da murjani mai rai. Ni a da, a wuyan mata kawai na san murjani, sai a wurinta na ji wai halitta ce mai ci da girma. Akwai wani kore a tsakiyar tankin da ta samo yana kamar farcen ɗan yatsa. Shekara shida tana renonsa har ya kai faɗin tafin hannuna biyu. In ta dawo daga aiki, shi take fara dubawa kafin ta gaishe mu, uwarta ta yi mita har ta gaji.

Wurin aikinta suka tura ta kwas na wata takwas a nesa. Yayanta ya ce shi zai riƙa zuwa yana duba tankin, don in aka bar wa Baba, taki zai zuba a ciki. Kowa ya yi dariya, har ni. Ita ba ta yi ba. Ta ce duk gidan babu wanda ya san yadda ake raya abu kamar Baba, kuma ni za ta bar wa. Malama, maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Ta rubuta ƙa'idoji shafi biyu ta liƙa a ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin: awoyin kunna fitila, yawan abinci, ranar sauya ruwa. Wata biyar ina bi sau da ƙafa, komai lafiya lau.

Wata safiya na ga wani abu ya tsiro a jikin dutse. Ɗan ƙarami, launin ruwan ƙasa, da kara da gashi-gashi a kai yana kaɗawa. Duk wanda ya yi aikin lambu ya san daɗin ganin tsiron da ba kai ka shuka ba. Na ce madalla, sabon murjani ya fito a hannuna. Ban gaya wa Auta ba, don ina so ta dawo ta tarar da shi ya girma. Kullum in na zuba wa kifaye abinci sai in ɗan miƙa masa nasa da tsinke, shi kuwa ya damƙe. Ban taɓa ganin tsiro mai godiya irin wannan ba. Cikin wata ɗaya suka zama bakwai, ni ina ta murna.

Sai na lura gefen koren murjaninta ya fara fari, daidai inda biyu daga cikinsu suke taɓa shi. Na ɗauki hoto na kai wa mai shagon kifi. Ya duba, ya dube ni, ya ce wannan ai annoba ce, ba tsiro ba ne, dabba ce mai harbi, kuma ita ke ƙona murjanin. A lambu sunan wannan ciyawa, kuma ciyawa ba a kwana da ita. Ban tsaya jin sauran bayaninsa ba. Na dawo gida na naɗe hannun riga, na ɗauki hantsaki na tsinke su ɗaya bayan ɗaya, sannan na bi gurbinsu da buroshin haƙori na goge tas, don kada saiwa ta rage. Na yi aiki mai tsabta, na kwanta da farin ciki.

Bayan mako uku na ƙirga sittin da ɗaya, na daina ƙirga. A kan duwatsu, a jikin gilashi, har a bakin injin da ke juya ruwa. Ashe kowane ɓarɓashi da na goge, wani sabo yake zama. Uwar yara ta tsaya a bayana ta ce ba ta taɓa ganin gonata ta yi albarka irin wannan ba. Ita da wasa ta faɗa.

Na koma shagon. Ya nuna mini wani kifi da ya ce ana kiransa malam-buɗe-littafin teku: fari mai ratsin ruwan lemo, fale-fale kamar ganye, da dogon baki siriri, da baƙin ɗigo kusa da wutsiya. Ya ce abincinsa ke nan, cikin mako biyu zai share mini tanki. Na saya a take. Ni kaina na san ƙa'ida ta ƙarshe a takardar Auta ita ce kada a saka sabon kifi sai an tambaye ta, har ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Tun da na sake shi ya shige bayan dutse. In ya fito, akwai wani rawayan kifi da Auta ke kira Maigadi, sai ya bi shi a guje ya mayar da shi lungu. Na zuba masa busasshen abincin da sauran ke ci, ya bi ta gabansa ko kallo bai yi ba. Na ba shi daskararren jatan lande, haka. Ciyawar kuwa yana wucewa ta kanta kamar bai san ta ba. Na ce sabon dashe ne, rana yake so da ƙarin ci. Na ƙara wa fitila awa uku, na ninka abinci sau uku don ko guntu ya kai gare shi. Har tsutsa na tono a tukunyar furena, uwar yara ta hana ni sakawa. Yanzu ruwan ya fara gurɓata, ciyawar ta yi ɓul-ɓul, shi kuma cikinsa ya shafe.

Ga abin da ya fi damuna. Duk ƙarshen mako Auta tana kiran bidiyo ta ce in nuna mata tanki. Na gano wani lungu ta hagu inda babu ciyawa, kuma koren murjanin ta nan lafiyarsa ƙalau. Nan nake tsayawa da wayar. Sabon kifin ma yana taimakona, tun da ba ya fitowa. Ta yi ta yi mini godiya, makon jiya har ta ce in ta dawo za ta gaya wa yayanta ya zo ya koyi aiki. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, yanzu ga shi mako bakwai ina yi, ko da ban buɗe baki na faɗa ba. Uwar yara ta ce ita ba za ta tona ni ba, amma in Auta ta tambaye ta kai tsaye, ba ruwanta.

Saura kwana ashirin da uku ta dawo. Niyyata in gyara komai kafin nan, in ya so daga baya in ba ta labari muna dariya. Yaya zan yi kifin nan ya ci? Yaya zan kashe ciyawar nan ba tare da na sake shuka ta ba? Kullum in na ja kujera na zauna gabansa yana kallona ta bayan dutse, sai tausayinsa ya kama ni, don ni na ɗauko shi daga inda yake zaune lafiya.

Naki,
Tsohon mai lambu

*

Baba mai lambu, sannu da ƙoƙari. Zan faɗi gaskiya, na yi dariya a wurin da kake miƙa wa ciyawa abinci da tsinke. Da na kai ƙarshen wasiƙar ban ƙara yi ba. Ni ban san kifin teku ba, don haka na karanta wasiƙarka ga wata likitar dabbobi da ta daɗe tana kiwonsu. Abin da ya shafi tanki nata ne, sauran nawa ne.

Ka fara da mayar da fitila da yawan abinci yadda takardar Auta ta ce, yau ɗin nan, sannan ka sauya wani sashe na ruwan. Ƙarin hasken yana wahalar da murjanin, kuma duk abincin da kifi bai ci ba, ciyawarka ce ke cinyewa.

Shi wannan kifi an san shi da wuyar sha'ani. Bai saba cafke abinci yana yawo a ruwa ba. Dogon bakin nan na zurawa cikin ramukan dutse ne, ya tsinci abin da ke maƙale. Don haka ka sayo irin halittar tekun nan mai ƙwanso biyu da ake sayarwa ɗanya a kantin kifi, ka buɗe ta, ka ɗan daddatsa naman a cikin ƙwansonsa, ka ajiye a bakin maɓoyarsa. Ko ka dandaƙa jatan landen ka cusa a ramin wani ɗan dutse. Ƙananan tsutsotsi masu rai na shagon kifi sukan buɗe masa ciki fiye da komai. Na tukunyar fure kuwa uwar yara ta yi daidai, ba ka san abin da feshi ya bari a ƙasar ba. In ka ajiye abincin, ka janye kujerarka daga gaban gilashi, ka bar shi. Abin da ya rage bayan awa ɗaya ka cire. Ka kuma raba shi da Maigadi da faifan roba mai huji-huji, don kifin da ake kora ba ya cin abinci. Idan ka ga fararen ɗigo a jikinsa, ko numfashi da sauri, ko bayan kansa ya lotsa, kada ka jira, ka nemi masani ya karɓe shi.

Mai shago rabin gaskiya ya gaya maka. Wasu daga irin kifin nan suna cin ciyawar, wasu har su mutu ba sa taɓa ta, wasu ma murjanin suke tsattsaga. Kada ka ɗora masa aikin. Ka ajiye hantsaki da buroshi. Akwai wani magani mai kauri kamar ƙullu da ake sayarwa don wannan. A kashe injin ruwa, a ɗiga maganin da sirinji a bakin kowace ɗaya, 'yan kaɗan a rana, a fara da na kusa da koren murjanin. Aikin watanni ne. Likitar ta ce in gaya maka ƙarara: ciyawar ba za ta ƙare cikin kwana ashirin da uku ba.

Yanzu maganata. Ban ga mugun nufi a cikin abin da ka yi ba. Hannunka ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da huɗu, kuma a lambu daidai ne. Ita ma Auta tana da ɗan laifi, tun da ta cika shafi biyu ba ta ambaci wannan annoba ba. Na kuma fahimci abin da kake karewa: ta zaɓe ka a gaban kowa, ba ka so a ce yayanta ne ya yi gaskiya.

Amma ka duba wanda ke biyan kuɗin shirun nan. Kifin da ya yi kwana tara bai ci ba, ba lalle ya kai ranar dawowarta ba. Murjanin kullum ƙara ƙonewa yake yi. Mutum ɗaya ce ta san tankin nan ciki da bai, ta san wanda za ta kira ya zo gobe, ta san ko za a iya ɗage murjanin daga kan dutsen a tsirar da shi. Ita ce kake ɓoye wa. In ta dawo ta tarar da ɓarna, za ta ji zafi na kwana biyu. In ta gane mako bakwai kana zaɓar mata inda za ta gani, wannan ya fi wuyar warkewa, kuma kowane kira yana ƙara masa nauyi.

Kada ka jira ƙarshen mako. Ka kira ta yau, ka nuna mata tankin daga wannan gefe zuwa wancan, har da baƙon da ke bayan dutse. Ka faɗa mata yadda ka faɗa mini, ba ragi. In ta yi fushi ka bari ta yi, shekararta shida ce a ciki, kada ka katse ta da cewa kai ne ubanta. In ta gama, ka ɗauki biro, ka ce mata ta gaya maka abin da za ka fara yi.

Allah ya ba kifin nan lafiya ya ci, ya bar wa Auta murjaninta, ya kuma sauƙaƙa maka kiran nan. A gaida uwar yara.