Bana Babu Kwalin Tsiron Gora

Chiba, 21 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya sanyin Kushiro? Allah ya sa gwiwar nan ta bar ki ki huta. Mu nan ɗumi ya shigo, ɗiyata Noriko ta kusa haihuwa, kullum ƙafa a kumbure, baki kuwa bai daina ci ba.

Yaya, bana ba za ki ga kwalin tsiron gorar da nake aiko miki na ci duk shekara ba, gara ki ji dalili daga bakina. Kin tuna shekara huɗu ke nan da mijina Genzo ya bar samarin nan suna wasan yaƙi da bindigogin roba a kurmin gorar Baba duk Lahadi. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai harsashin da aka yi da masara, wanda suka ce ƙasa na cinyewa. To, da na fita tono, duk inda na kafa fartanya sai fararen ƙwayoyi kamar an zubar da shinkafa, har a cikin ɓawon tsiron. Malamin gona ya ce wasu sun yi ta shigo da na roba mai araha, ido ba ya bambance su, kuma ba zai rantse a kan abin da suke sakewa a ƙasa ba.

Kwana shida na ɓoye wa Genzo. Kin san yadda ya zama bayan ritaya, mutum da kujera kamar an ɗinke su. Yaran nan ne suka tashe shi, suna kiransa Kwamanda, shi da ko kaza bai taɓa yankawa ba. Ashe ya riga ni gani. Ranar Lahadin makon jiya ya sa suka ajiye bindigogi, ya raba musu rariya. Ƙarti talatin cikin kayan soja, a durƙushe suna tankaɗe ƙasa, ɗayansu yana cewa wannan yaƙin ya fi ƙarfinsa! Da yamma ya rufe ƙofar kurmin. Ya ce ƙasar Babanmu ce, shi aure ya kawo shi gidan, ba zai ciyar da jikansa abin da bai sani ba.

Jiya Lahadi ya tashi ya dafa shayin mutum talatin kamar kullum, sai da ya ɗauko kofuna ya tuna ba mai zuwa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na zauna na yi ta sha har cikina ya ƙulle. Rabin ƙasar naki ne, Yaya. Ina roƙonki ki yarda a ba samarin fakon nan na ƙetaren rafi, inda ba ma shuka komai. Shi ba zai taɓa roƙonki ba.

Ki gaida mai gida Heikichi, da ɗiyarki Yuriko da yaranta.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Sumie