Kalkuletar Malam Obi

Zuwa ga abokina Malam Obi,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma a makarantarmu ban da wanda zan faɗa wa, sai kai.

Bayan an binne ka na je Sabon Gari yi wa matarka ta'aziyya, ta miƙo mini kalkuletarka, ta ce ni ka bar wa. Yaranka suna lafiya. Garin kuwa kuɗin man fetur ya hau kansa, a mahaɗar Bata ba ka iya tsallaka titi don sababbin babura.

Na shiga da ita aji biyar, kamar yadda kake yi. Labari ya kai wa sabon firinsifal, ya aiko a kawo. Ya danna biyu, ya danna tarawa, ya danna uku, ya nemi alamar daidai ya rasa. Sai ya ce 'yan kasuwa sun cuce ka, sun sayar maka da lalatacciya. Na yi masa bayani cewa ita wannan lambobin ake fara ba ta, sannan a faɗa mata abin da za ta yi da su. Ko saurarona bai yi ba. Wai za ta kashe wa yara ƙwaƙwalwa, in koma wa littafin logu, tsohon jadawalin lissafin nan, ko ya sa a mai da ni ƙauye.

Obi, wace ƙwaƙwalwa za ta kashe? Na ga yaran da suka haddace ƙa'ida sun tsaya cak a gabanta, don ba ta motsi sai ka san abin da za a fara ninkawa da abin da zai jira. Na ga 'ya'yan 'yan kasuwar Kwari sun kama ta nan take, don haka iyayensu suke yi: a jibge bandir ɗin atamfa tukuna, sannan a ce a haɗa. Logu ma ai ban daina koyarwa ba. Amma waɗannan yaran za su je jami'a, in bar su su fara ganinta a hannun wasu?

Ban taɓa faɗa maka ba, a duk malaman nan kai kaɗai nake kira aboki. Kuma ina jin haushinka. Kai ka jawo rigimar nan, ka tafi ka bar ni da ita.

Inna, mahaifiyata, ta yi kuka, ta ce in ba firinsifal haƙuri, ba ta son in bar ta a Fagge tana cikin wannan tsufan. Nan ne kawai abin ya taɓa ni. Na lallashe ta, amma haƙuri kam ban bayar ba.

Ran Litinin da ita zan shiga aji. In ya kore ni ƙauye, to, can ma akwai yara.

Ka huta lafiya.

Abokinka mai taurin kai,
Sule