Ku Daina Kashe Mana Uba a Kwamfutarku

Zuwa ga Manajan shagon aika saƙon imel da ke bakin titin Tukur-Tukur, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji, na kawo maganar nan bainar jama'a ne domin na gaji da ɗumama benci a ƙofar ofishinka ana ce mini ka tafi Kaduna.

Ni malamin sakandare ne, mazaunin Kusfa. Na buɗe akwatin imel a shagonku saboda ƙanena Kabiru da ke karatu a Alƙahira, da wasu almajiran mahaifinmu da ke zaune a ƙasashen waje. Ga abin da na samu a hannunku.

1. A shagonku mai akwati ba ya taɓa kwamfuta. Mu kawo wasiƙa a rubuce, ma'aikacinku ya buga, kalmar sirri kuma tana hannunsa. Da na tambayi wace kalma aka sa mini, sai aka ce sunan gidanmu, wai haka ake yi wa kowa don kada a manta. Alhaji, kai ma ɗan birni ne. Daga Ƙofar Kuyambana har Kusfa, wa bai san sunan gidan kowa ba, har da kakan da ya kafa shi? Kun kulle ƙofa kun bar makulli a jiki.

2. Bayan Babbar Sallah 'yan damfara suka shiga akwatin, suka riƙa watsa wasiƙu da sunana ga duk wanda na taɓa rubuta wa, da ma waɗanda ban san da zamansu a duniya ba. Wai mahaifina ya rasu, wai babban jami'in gwamnati ne da ya ɓoye dukiya a banki, ni kuma ina neman mai taya ni fitar da ita waje. Ƙarya tsagwaronta! Malam, mahaifin namu, yana nan da ransa. A kan buzu ya tsufa yana karantar da fiƙihu a zaure, ko ƙofar banki bai taɓa takawa ba.

3. Kabiru ya karanta wasiƙar, gidanmu kuwa babu tarho da zai kira. Ya bar jarrabawa, ya hawo jirgi, ya shigo zaure yana kuka, sai ga Malam zaune yana ba da karatu. Daga baya wasiƙun ta'aziyya suka fara isowa ta gidan waya, kuma a al'adar gidanmu Malam ne ke buɗe kowace wasiƙa da hannunsa. A cikin wata wasiƙa, wani tsohon almajirinsa ya rubuta cewa bai taɓa zaton Malam ya tara irin wannan dukiya ba, Allah ya yafe masa. Labarin mutuwar tasa, dariya ya ba Malam. Wannan wasiƙa kuwa, ranar da ya karanta ta ko tuwo bai ci ba, ni ma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

4. Na yi ta sintiri ina roƙon a canza kalmar sirrin. Yau an ɗauke wuta, gobe layin waya ya ƙi, jibi sai manaja ya sa hannu. Har makon nan martani yana shigowa daga waɗanda suka samu sabuwar wasiƙa, wasu da zagi. Ma'aikacinku ya ce in yi haƙuri. Da uban da ake binnewa kullum nasa ne, da mun ga irin haƙurinsa.

Saboda haka ina buƙatar a canza kalmar sirrin a gabana, ni in buga ta da yatsana, ko kuma a rufe akwatin gaba ɗaya. A sanar da kamfanin da ke ba ku layi ya toshe waɗannan wasiƙu. A aika wa kowa saƙo da sunan shagonku cewa labarin ƙarya ne, sakacin kuma naku ne. Sauran 'yan birni da kuka sa wa sunayen gidajensu, ku kira su tun kafin nasu iyayen su mutu a hannunku.

Allah ya shirye ka, ya tsare maka mutuncin naka mahaifin. Malam ya ce in gaishe ka, in kuma shaida maka cewa idan ajalinsa ya zo, daga masallacin unguwa za a yi sanarwa. Ba ya buƙatar taimakonku.

Wassalam.

Malam Shu'aibu, Kusfa, Birnin Zariya.